Akwatin Gawar Kunamu

Nicanor kafinta yana buga ƙusa ta ƙarshe a gefen akwatin gawar sai wata inuwa ta tare masa hasken ƙofa. Bai ɗaga kai ba, don shekara talatin da ɗaya yana zaune da mai inuwar. Brunilda ce, riƙe da kofin gahawa, sanye da jar riga daga wuya har ƙauri. A safiyar Lahadin nan, in ban da nata, kaf garin Almendro ba ka ganin jan kaya ko da na ɗankwali ne. Har karnuka an ɗaura musu koren ƙyalle a wuya.

"Gahawar tawa ce?" ya tambaya.

"Ta maigidana ce. Na zo nemansa, sai na tarar da wani mutum yana yi wa ɗansa akwatin gawa."

"Ba na Wilkin ba ne, Brunilda. Na Kunamu ne."

"To rigar wa Wilkin zai sa yau?"

Nicanor ya shiga neman wata ƙusa da ba ya buƙata. Ita kuwa ta tsaya a kansa ta shanye gahawar tas, tana kurɓa a hankali don ya ji ƙamshin.

A garinmu ranar da ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifan ƙwallo da bugun ta da sanda, wato Kadoji masu koriyar riga, ta ɗauki kofi, sai mun yi wa ƙungiyar da muka doke jana'iza. Akwati sosai ake yi, a shafa masa fentin rigarsu, mata su yafa baƙin mayafi suna kururuwar ƙarya, a zagaya gari da ganguna har bakin teku. A kan murfin kuma kafintan da ya yi akwatin ne ke rubuta sunan mai jifan da aka ci wasan ƙarshe a hannunsa. Shekara ashirin da shida rabonmu da jana'izar nan. Sau uku a tsakani Kadoji suka kai wasan ƙarshe, sau uku Nicanor ya yi akwati, sau ukun kuma aka koro mu. Akwati ɗaya ya zama kantar sabulu a shagon Radames, ɗaya ya zama bencin 'yan acaba, na ukun Brunilda ke renon 'yan tsaki a ciki.

Bana ma babu wanda ya sa rai. A Oktoba wasa goma muka yi aka cinye mu takwas, har masu sayar da gyaɗa suka daina zuwa filin. Aka kori koci aka ɗora wani tsoho mai ciwon gwiwa da ba ya magana sai da hannu. Sai ga yara sun farka. Kafin Kirsimeti mun hau na biyu, a Janairu muka shiga zagayen ƙungiyoyi huɗu muka fito a sama. Yanzu ga mu da Kunamun babban birni masu jar riga, wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kofi, kuma kowa yana da uku.

Inda ƙaddara ta yi wa Nicanor ƙafar ungulu shi ne wajen aro. Duk ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe tana da damar aron 'yan wasa daga waɗanda aka riga aka fitar. Wilkin, ɗansa tilo, mai jifa ne a ƙungiyar Masunta, tun lokacin da Kadoji suka dube shi yana shekara sha bakwai suka ce ya cika rama. Da aka fitar da Masunta, mu muke da zaɓin farko. Shugabanninmu, Allah ya shirye su, suka tsallake yaron da aka haifa a bayan filinsu suka ɗauko wani ƙaton mai bugu da har yau bai taɓa ƙwallo ba sai da ido. Kunamu ba su yi wata-wata ba suka ɗauki Wilkin. Kuma shi suka ajiye wa wasa na bakwai.

"Ka ji ni da kyau," Brunilda ta ce tana kife kofin a kan teburin aikinsa. "Ka yi akwatinka, ka shafa masa ja, ka sa masa fure in ka so. Amma ranar da ka rubuta sunan da na raɗa wa ɗana a kansa, a ciki za ka riƙa kwana."

Tana fita Radames mai shago yana shigowa da gwangwanin farin fenti da sabon buroshi. Shi ne shugaban magoya bayan Kadoji na unguwa, kuma shi ya riƙe Wilkin a coci ranar baftisma, shi ya sa ba sa kiran juna sai Kompadre. Ya yi wa Brunilda gaisuwa har da cire hula, ta wuce shi kamar ta wuce turken lantarki.

"Kompadre, na kawo na rubutu," ya ce. Ya shafa murfin da tafin hannu. "Kai, aiki ya yi. Har na ji sha'awar mutuwa."

"Ɗanka ne na baftisma fa."

"Na sani. Ni na saya masa safar hannunsa ta farko. Ina son yaron nan har cikin raina, kuma ina roƙon Allah a yi masa dukan da ba a taɓa yi wa mai jifa ba." Ya ajiye gwangwanin. "Gobe in saya masa mota in yana so. Yau dai Kunama ne."

"Ba dole ba ne sunansa ya hau. Wasan zango tara ne, ai ba shi zai jefa su duka ba. Ya yi shida lafiya, su cire shi, su sa wani, mu ci wancan."

"Haka ka tsara da Allah?"

"Kyandir biyu na kunna da asuba."

Radames ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗaya na Kadoji ɗaya na Wilkin? Kompadre, so kake ka haɗa waliyyai faɗa."

Gaskiyar magana Nicanor tsoro yake ji. Tun yana yaro yake son Kadoji, irin son da ba a tambayar dalilinsa. Ubansa da koriyar hula aka binne shi. Kuma shi da hannunsa ya koya wa Wilkin jifa a lungun bayan shagon kafintarsa, da lemon tsami, yana zana da'ira da alli a jikin tsohuwar ƙofa. Kwana huɗu ke nan abinci ba ya yi masa daɗi.

Ƙarfe uku za a fara wasan, a babban birni. Tun ƙarfe biyu Radames ya fito da talabijin ya ɗora a kan firji a bakin shagonsa, aka tare titi da kujeru. Teburin domino ma, da ba a taɓa tayar da shi ba ko ranar zaɓe, aka jingine shi a bango. Can sai ga Brunilda da jar rigarta, mutum biyu na biye da ita ɗauke da ƙatuwar tukunyar farfesun nama da rogo da ɗanyar ayaba. Ta sa aka ajiye tukunyar a gabanta, ta ja kujera a sahun farko, ta riƙe ludayi.

"Duk wanda ya zagi ɗana," ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba, "ya nemi abincinsa a wani wuri."

Mutum ɗari da wani abu, duk masu baki, babu wanda ya ce uffan. Farfesun Brunilda ba abin wasa ba ne.

Wilkin ya hau tudun jifa a cikin rigar aro da ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya murza ƙwallo, ya dubi ƙasa, ya saki ta farko. Mai bugunmu bai ko motsa ba sai ƙararta ya ji a safar mai cafa. Mutum uku suka zo, mutum uku suka koma benci, zangon farko ya ƙare. Zango na biyu ma haka. A na uku wani ya samu ya kai tasha ta farko cikin huɗun da ake zagayawa kafin a ci, aka bar shi a can yana gyaran hula har zangon ya ƙare.

"Wa ya koya wa ɗan banz…" wani ɗan acaba ya fara, ya hango ludayi, ya gyara. "Wa ya koya wa ɗan albarkan nan jifa haka?"

Duk aka juyo ana kallon Nicanor. Ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

A zango na huɗu Tiburcio ya fito. Shi ne babban mai bugunmu, shekararsa talatin da tara, duk wasansa a Kadoji ya yi shi, bai taɓa ɗaga kofi ba. Ba gidan da babu hotonsa a garin nan. Wilkin ya aika masa da biyu masu zafi. Ta ukun ya sake ta a hankali, ta taho kamar za ta tsaya hutawa a hanya, sannan ta faɗi ƙasa a gaban Tiburcio. Tsohon ya kai sanda da dukan ƙarfinsa ya daki iska, har sai da ya durƙusa a gwiwa ɗaya.

"Yauwa! Haka ake yi!"

Nicanor ne, a tsaye, hannu sama, da koriyar hularsa a ka. Titi ya yi tsit. Sai da ya ga idanu sannan ya gane abin da ya yi. Ya zauna a hankali.

"Ƙafata ce ta riƙe," ya ce.

"Ƙafar taka da baki take?" Radames ya tambaya.

Brunilda ta ƙara masa tsoka biyu a kwano.

A zango na biyar Kunamu suka zagayo da mutum ɗaya gida, suka shiga gaba da ci ɗaya da babu. Daga nan surutu ya ragu. Mata suka fito da carbi. Na shida ya wuce, na bakwai ya wuce, Wilkin na nan a kan tudu, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ba mu da ko ci ɗaya. Nicanor ya daina sanin abin da yake roƙo. In ƙwallo ta bar hannun yaron sai ya ji yana so ta wuce, in mai bugu ya kai sanda sai ya ji yana so ya same ta. Kyandirorinsa biyu dai kowanne yana aikinsa, shi ne a tsakiya yana shan wahala.

A zango na takwas Wilkin ya fitar da mutum biyu, na uku ya samu ya kai tasha ta farko. Sai ga Tiburcio ya sake fitowa yana jan sanda a ƙasa. Nicanor ya ga yadda gwiwar hannun ɗansa ta fara sauka in zai saki ƙwallo. Ya san wannan tun a lungun bayan shago: yaron ya gaji.

Kocin Kunamu ma ya gani. Ya fito daga benci ya nufi tudu yana tafiyar agwagwa.

"Cire shi," Nicanor ya ce ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah cire shi. Karɓi ƙwallon."

Kocin ya miƙa hannu. Wilkin ya mayar da ƙwallon bayansa. Suka yi magana, yaron yana girgiza kai, yana nuna Tiburcio da haɓa. Kocin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dafa masa kafaɗa ya juya shi kaɗai.

"Taurin kan uwarsa," Nicanor ya ce.

"Na ji ka," in ji Brunilda.

Jifa ta farko Tiburcio ya bari ta wuce. Ta biyu Wilkin ya sake aiko da mai tafiyar hawainiyar nan da ta durƙusar da tsohon ɗazu. Wannan karon ba ta faɗi ba, ta tsaya masa daidai ƙugu. Ƙarar da sandar ta yi ko a talabijin sai da muka ji ta a haƙora. Ƙwallo ta tashi, ta yi ta tafiya, ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo. Tiburcio da na kan tasha suka zagayo gida, muka koma gaba da ci biyu da ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba na iya ba da labarinsa daki-daki, don ni ma ban san inda takalmina ya faɗi ba. Kunamu sun sake shiga bugu sau biyu, ba su yi komai ba. Da aka cafe ƙwallon ƙarshe rana tana shirin faɗuwa, ƙararrawar coci ta kama bugawa ba lokacinta ba, 'yan acaba suka danne oda, wani ya rungume firji. Nicanor ya tsinci kansa a wuyan Radames yana kuka wiwi yana kiran sunan ubansa. Daɗi ya ji, daɗi na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana da baƙin gashi.

Sai talabijin ta nuno bencin Kunamu. Kowa ya watse, saura mutum ɗaya zaune da tawul lulluɓe a kansa, rigar aro ta zame masa a kafaɗa ɗaya. Brunilda ta ajiye ludayi ta tashi ta nufi gida. Nicanor ya saki Radames. Ya ratsa ta cikin masu rawa, ana ta dukan bayansa, ya shiga shagonsa ya sa sakata.

Ya buɗe gwangwanin farin fenti ya juya shi da tsinke. Ya tsoma buroshi. Ya tsaya a kan jan murfin har fentin ya fara ɗiga a kan takalminsa, hannunsa ya ƙi sauka.

Ba a jima ba ganguna suka iso ƙofar. Mata sun riga sun yafa baƙaƙen mayafai, suna kuka suna dariya: "Wayyo Kunamu, kun tafi kun bar mu da kofi!" Aka fara buga ƙofa ana kiran a fito da gawa. Can ya ji muryar Radames ta jikin katako, a hankali, ba irin ta ɗazu ba.

"Kompadre, buɗe mini ni kaɗai." Nicanor ya buɗe masa. Radames ya dubi murfin, ya dubi buroshin, ya cire hula ya share fuska. "Bar shi haka. Mu fita da shi ba suna. Duk wanda ya yi magana ya zo ya same ni."

"Ba a taɓa yi ba."

"Ba a taɓa cin kofi a hannun ɗan gida ba ma."

Ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida ta buɗe. Brunilda ce, idanunta sun yi ja, tana miƙo waya.

"Ga shi. Wilkin ne, kai yake nema."

Nicanor ya goge hannu a wando ya karɓa. Ta can ɓangaren ana jin ƙarar ruwan wanka da buge-bugen ƙofofin ƙarfe.

"Baba, a sa mini albarka."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Muryar yaron ta dushe, da ji ka san ya yi kuka ya wanke fuska.

"Kun ci," Wilkin ya ce.

"Mun ci." Nicanor ya jingina da teburin aiki. "Me ya sa ba ka ba shi ƙwallon ba? Hannunka ya sauka tun a mutum na biyu."

"Tiburcio ne fa, Baba. Hotonsa na bango a saman gadona har yanzu. In bar wa wani shi?" Ya ja hanci. "Gangunan nan da nake ji, a ƙofar shago ne?"

"Eh."

"Ka rubuta?"

"Ban rubuta ba. Ba zan rubuta ba. Ubanka na baftisma ya ce a fita da shi haka."

"A kan me? Wa ya yi jifan?" Muryar ta ɗan tashi. "Zango bakwai ba ku ga ƙwallona ba, Baba, gari guda kuna zaune kamar an yi muku mutuwa. Sai yanzu a fita da akwati fanko kamar ba kowa kuka doke ba? Mutumin da kuka binne shekara ashirin da shida da suka wuce, har yau yara sun san sunansa a garin nan. Ni ma a rubuta nawa. Kuma kai za ka rubuta, kada ka bar wa Baba Radames, rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan fenti."

"Ina jin ka, mara kunya," in ji Radames, yana share ido da hula.

Nicanor ya dubi Brunilda. Ta ji komai, don shagon ƙarami ne. Ta naɗe hannu a ƙirji ta kawar da kai, amma ba ta ce a'a ba.

"Baba," Wilkin ya sake cewa, "da wane katako ka yi shi?"

Nicanor ya yi tari. "Katako ne mai kyau."

"Wane iri?"

"Na… akwatunan busasshen kifin nan da ake kawo wa Radames. Na kankare su sosai, ba ka jin ƙarni sai ka matso."

"Akwatin kifi." Sai dariya ta ƙwace wa yaron, irin wadda ke fita tare da majina. "Mama, kina ji? Na jefa ƙwallo ɗari da goma sha ɗaya, ubana kafinta, zai binne ni a akwatin kifi. Wallahi ban yarda ba. Ko ba komai wurin sunan a sa maɗaci."

Da aka kashe wayar Nicanor ya ajiye buroshi. Ya hau kan benci ya miƙa hannu can saman rufi, ya jawo wani falankin maɗaci da ƙura ta rufe, ya hure shi, ya duba tsawonsa da ido ɗaya a rufe. Ya ɗaure shi a teburin aiki ya ɗauko zarto. Brunilda ta matso ta kunna masa fitilar kan tebur, ta karkato ta yadda hasken zai sauka a kan layin da ya ja.

A waje an ƙara ƙarfin bugun ƙofa. Radames ya mayar da hularsa, ya gyara wuyan riga, ya buɗe ƙofar kaɗan ya fita ya tsaya a kan dakali. Ya ɗaga hannu biyu har ganguna suka lafa.

"Jama'a, sai kun ƙara haƙuri," ya ce da muryar mai sanar da rasuwa. "Mamacin ya bugo waya. Ya ce bai yarda da katakon ba."

Aka kwashe da dariya har ƙarshen titi, masu mayafi suka zauna a bakin kwata suna fifita da gefen mayafan. Daga cikin shagon ana jin zarto yana tafiya a hankali. Nicanor bai yi sauri ba, don maɗaci ba ya son gaggawa, kuma sai ya riƙa tsayawa yana share ido kafin ya ga layin.